Tayar Motar Kai Amarya

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinka, ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Kai da ko kana raye in aka kawo maka takardar boko sai ka miƙo mini ka ce idonka na yaji, balle yanzu da kake kwance a maƙabartar Tarauni, wurin da ko ƙafata ban taɓa sawa ba. Amma gidan nan cike yake da mata, ana kankare tukwane ana shewa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zan gaya wa abin da ke cina ba ta ce na yi rashin kunya ba. Shi ya sa na shigo ɗakinka na tura ƙofa na ɗauki biro.

Bari in fara da abin da zai faranta maka. Yau aka tafi kai 'yarka ɗakin mijinta a Azare. Malamin makarantar nan ne da ya fara zuwa tun kana da rai, wanda ka ce ka yarda da shi domin tun daga bakin kwata yake cire takalmi kafin ya ƙaraso ya gaishe ka. Jiya bayan Juma'a aka ɗaura, ƙaninka Garba ne ya yi walicci. An yi taro, Gyaɗi-Gyaɗi ta fito maka, har mutanen da na ɗauka sun manta da mu. Yarinyar tana son abinta, shi ma yana son ta. Ta wannan ɓangaren ka kwanta da hankalinka.

Unguwa tana nan yadda ka bar ta, sai abin da ba a rasa ba. An sare rabin darbejiyar da kake ajiye buta a gindinta, wai tana taɓa wayar wuta. Mai shayin bakin layi ya koma garinsu, wani ya buɗe shagon cajin waya a wurin. Kwatar nan da ka yi ta faɗa a kanta har yanzu toshewa take yi. Wurin wankin motarka yana nan a ƙofar gida, ɗanka Nura ne ke riƙe da shi. Ba zan ci zalinsa ba, yana da ƙoƙari, ba ya shaye-shaye, ba ya zaman banza a majalisa. Ya sayo injin feshi mai ƙara kamar zai tsaga kunne, ya kafa rumfar kwano, 'yan adaidaita sahu tun daga titin gidan zu har Ƙauyen Alu wurinsa suke layi. Bokitinka da buroshinka suna bayan ƙyaure a zaure, ba mai taɓa su. Sai dai ya juya aikin, Malam. Kai da taya kake farawa, shi da taya yake ƙarewa.

Kana tsammanin ban san bambancin ba, ko? To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk surutun da kake yi mini a kan tabarma, kana cin tuwo kana ba ni labarin taya kamar labarin dangi, ni kuma ina cewa ka ƙyale ni da zancen roba, wallahi ina ji. Ban bar ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba. Kuma ina leƙenka ta tagar zaure in na gama aiki. Sai ka durƙusa ka jiƙa taya, ka dirje ta da buroshi da sabulu, ka ciccire tsakuwa daga haƙoranta da tsinken ƙarfe, ka zura hannu ta ramukan wili ka wanke baƙar ƙurar birki, sannan ka bar ta ka koma jikin mota. Kafin ka gama da gilasai ta bushe. Sai ka dawo ka tsuguna kana kallonta. Ka ce lafiyayyar taya gaba ɗaya take bushewa, wadda ta tsufa kuwa ko'ina zai bushe ya bar siraran layuka na danshi, domin ruwa ya shige cikin tsagar bai fito ba. Daga nan ka shafa ta da tafin hannu ciki da waje, ido a rufe, kana neman kumburi. In ka samu, ba za ka shafa mata baƙin man nan mai sa taya sheƙi kamar sabuwa ba, ko mai motar zai yi fushi. Wasu sun yi fushin sun daina zuwa, ka ce su je.

Ka tuna ranar da ka kama ƙafata kana shafa wa fason dugadugina man kaɗanya, kana cewa haka man taya yake, ido yake rufewa amma tsagar tana nan a ƙasa? Na fizge ƙafata na ce ni ba taya ba ce. Na ji daɗi ranar, Malam, ban dai nuna maka ba ne.

Shi Nura daga tsaye yake feshi, gwiwarsa ba ta san ƙasa ba. Ya wanke jiki, ya goge gilashi, a ƙarshe ya watsa wa taya ruwa, tun tana jiƙe ya bi ta da soson mai. Masu mota suna murna, kowace taya ta fita tana walƙiya. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba, sai ya yi dariya ya ce Umma ta zama makanike.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni. Da biki ya matso, amininka Alhaji Ɗanladi na Darmanawa, mai bas-bas ɗin haya, wanda kake wanke wa mota tun yana direba da ƙwaya ɗaya, ya zo har zaure ya ce motar kai amarya tana wuyansa. Mota da mai da direba, duk saboda kai. Yana faɗa yana share hawaye da hannun riga. Na yi ta godiya. Wa zai mayar da alheri irin wannan, wanda aka yi da sunan mamaci?

Ranar Alhamis direbansa Sale ya kawo bas ɗin a wanke. Nura ya wanke ta tas, ya watsa wa tayoyin ruwa, sai masu kawo kujerun biki suka kira shi a waya, ya ajiye soson man ya tafi, ya bar ta a rana. Ni kuma na fito raka wasu baƙi. Da na juyo, idona ya faɗa kan tayar gaba ta ɓangaren direba. Ta bushe da kanta, kamar yadda kake barin su. Malam, na matsa na dube ta da kyau. Layukan danshi ne sun zagaye gefenta gaba ɗaya, sirara, rututu, irin fason ƙafar tsohuwa. Na waiga, ba mai kallona, na tsuguna na ɗora tafin hannuna, na rufe ido yadda kake yi. Ban kai rabi ba na ji shi, kumburi kamar rabin ƙwan kaza, da ɗan taushi in an danna. A kan wilin kuma akwai ɗigon jan fenti, na riƙe shi a raina.

Da Nura ya dawo na nuna masa. Ya ce taya 'yar waje ce, Alhaji bai daɗe da sawa ba, in duba zurfin haƙoranta ko cinyewa ba su fara ba. Na ce babanka ya ce haƙora ba sa nuna shekarun roba, taya tana iya tsufa a ajiye ba ta taɓa kwalta ba. Ya ce zamanin Baba daban, yanzu tayoyi sun fi ƙarfi. A gaban idona ya ɗauki soson ya bi ta da mai. Layukan suka ɓace, ta fito baƙa wuluk tana sheƙi, har ƙwan ya saje da sheƙin sai wanda ya san wurin.

Na shiga gida na ja yayarka, Yaya Asabe, gefe, tun da ita ce kan gaba wajen kai amarya. Ina ma ban yi ba. Ana tsakiyar ƙunshi, ta tafa hannu ta kira mata su zo su ga uwar da ke fargabar 'yar fari har tana shafa tayar mota. Aka bushe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce in ba na son rabuwa da ita ne in faɗa a mayar wa ango sadakinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka san yadda aka rene ni. Yarinyar nan kuwa 'yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, yarinyar nan nake cewa, ko in ce ke. In ta yi zazzaɓi kai nake turawa ka taɓa goshinta ka zo ka gaya mini. Ranar da ta gama makaranta kowa ya rungume ta, ni ina bakin murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Ana yabona a dangi da wannan, ana cewa Hansatu akwai alkunya. Kai kaɗai ka san abin da ke ƙasa, domin ka sha kama ni ina sunsunar rigarta kafin in jefa a ruwan wanki, ka kau da kai kamar ba ka gani ba. Na gode da wannan kau da kai, ban taɓa gode maka ba.

Ban haƙura ba. Jiya bayan ɗaurin aure na sa aka kira mini Garba, na roƙe shi ya yi wa Alhaji magana cikin dabara. Ya tafi yana jan ƙafa, ya dawo yana cewa na sa shi jin kunya. Wai Alhaji ransa ya ɓaci, ya ce shi ne zai sa 'yar amininsa a motar da bai yarda da ita ba? Ya ce motar nan kullum tana kan hanya, rai kuma a hannun Allah yake. Amma ya ce don hankalina ya kwanta zai sa Sale ya kai ta wurin mai faci. Da yamma Garba ya aiko cewa an gyara. Na yi hamdala, na ci abinci, rabona da shi tun Alhamis.

Yau da hantsi aka ce za a tashi. Ka san tashin mata. Wannan ta manta mayafi, waccan tana jiran 'yarta daga Tarauni, har aka yi azahar mota tana ƙofar gida. Bazara ce, Malam, irin zafin nan da kwalta ke kama takalmi. Saboda nisa kuma aka ce a haɗa gara a tafi da ita yau, kada a yi tafiya biyu. Buhunan shinkafa da na masara, jarkokin mai, bokitan alkaki da nakiya da dubulan, akwatuna, duk aka danna a baya har motar ta zauna. Da wurin kaya ya ƙare sai suka sauke safayar taya suka jingina ta a bangon zaure. Tana nan yanzu, kusa da bokitinka. Kai ne kake cewa zafi da lodi su ne ke fasa taya, ba ƙusa ba.

Bai kamata in fito ba, uwar amarya a ɗaki take zama. Na fito da sunan ina neman wata yarinya da na aika. Na dubi tayar gaba ta ɓangaren direba, lafiya lau, sumul, ba kumburi. Har na fara jin sanyi a raina. Sai na lura wilin ba shi da ɗigon jan fenti. Na bi jikin motar da ido, na gan shi a baya, a ƙarƙashin lodin. Tayar da ke kansa tana ta sheƙi, gefenta sumul ita ma. Na saki carbina da gangan ya faɗi kusa da ita, na durƙusa kamar zan ɗauka, na zura hannu ta bayanta, ta ɓangaren da ke kallon ƙarƙashin mota.

Yana nan, Malam. Ƙwan yana nan, da ɗumi kamar yanzu kaza ta tashi daga kai. Ba su canja tayar ba. Cire ta suka yi daga wili suka juya fuskarta ciki, suka mayar da ita baya. Gyaran ke nan.

Na miƙe, tafin hannuna baƙi ƙirin a kan lallen biki. Na nuna wa Garba, ya ce don Allah Hansatu in dubi jama'a. Ga Alhaji can tsaye cikin babbar riga mutane na ta yi masa godiya, ga liman yana gyara tsayuwa zai yi addu'a. Na nuna wa Sale, ya ce ai tayar baya ba ta da haɗari, ta gaba ake tsoro, haka kowa yake yi, kuma zai tafi a hankali. Wane hankali, mutumin da tun safe yake cewa yana son ya sauke su ya kamo hanyar Kano kafin duhu? Nura kuwa ko kallona bai yi ba, yana ta ɗaure igiya. Ba mugunta suka yi ba, na sani. Duk cikinsu babu wanda ba ya son ta. Sun yarda har zuciyarsu cewa sun gyara, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Sai aka fito da amarya, a lulluɓe cikin farin mayafi, gwaggonninta na riƙe da ita, tana kuka. Da ta zo daidai inda nake ta fizge ta kama hannuna, wannan hannun dai mai baƙin mai. Ta riƙe gam. Malam, da a wannan lokacin na ɗaga murya na kira sunanta sau ɗaya na ce kada ta hau, wallahi da komai ya tsaya cak, domin duk Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakina. Na buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshena ya tsaya. Shekarun da na yi ina haɗiye shi suka fi ƙarfina. Abin da ya fito kawai shi ne Allah ya kiyaye hanya. Yaya Asabe ta ɓamɓare yatsunta daga nawa, ta tura ni zaure tana cewa yau ta ga abin da ya ishe ta. Ta tagar da nake leƙenka na ga shatin yatsuna huɗu baƙi a gefen farin mayafin. Na ga inda suka zaunar da ita, a layin baya tsakanin gwaggonni, wai don kada iska ta dame ta, daidai saman tayar. Nura ya shiga gaba kusa da Sale.

Ina jin haushinka, bari in gaya maka. Me ya sa ba ka kama hannun yaron nan ka ɗora a kan taya ba tun yana ƙarami, kana cewa karatu za ka bar shi ya yi, kai ka ishe mu jiƙa? Me ya sa ni ka zuba wa duk wannan sani, ni da ba a jin maganata a bakin titi? Da kai ne, kalma ɗaya za ka yi, Alhaji ya yi dariya ya aika a kawo wata. In ya ƙi, na san ka, bokitinka za ka kifa a gaban motar ka zauna a kai har magariba. Ni ma ina da bokitin, yana bayan ƙyaure, ban ɗauko ba. Na san rai a hannun Allah yake, ba sai Garba ya tuna mini ba. Amma wa ya busar da tayar a gabana ranar Alhamis, wa ya sa aka kira Nura a waya a daidai lokacin? In an nuna wa mutum abu ya yi shiru, me zai ce ranar da aka tambaye shi?

Nura ya kira daga Wudil. Ya ce lafiya lau suke, sun tsaya sayen ruwa, har yana tsokanata wai tayar Umma tana gaishe ni. Na ce ya sauka ya taɓa ta ya ji ko ta yi zafi, ya ce to, amma na ji ƙarar inji, sun riga sun tashi. Tun daga nan shiru. An yi la'asar, na idar, na kira shi ba ta shiga. Na kira Yaya Asabe ba ta shiga. Na kira wayar yarinyar, tana ƙara ba a ɗauka, amma na gaya wa kaina amarya ba ta ɗaukar waya a hanya. Maƙwabciyata ta ce hanyar ce ba sabis a wasu wurare, da sun kai Jama'are za a ji su. A lissafina ya kamata a ce sun wuce Jama'are tuni. Rana ta yi ja a kan bangon tsakar gida, inuwar darbejiyar ta kai bakin kwata.

Na wanke hannun nan da sabulu, na dirje da toka, man bai fita ba. Ya shige cikin zanen tafina ya zauna. In ka ga baƙi-baƙi a gefen takardar nan, shi ne.

Malam, wayar tana ƙara. Tana kan tabarmarka, fuskarta a sama, lambar da ban sani ba ce. Wataƙila dangin ango ne za su ce an iso lafiya, ai ba ni da lambarsu. Wataƙila. Matan tsakar gida sun ji ƙarar, na ji an daina kankare tukunya. Zan ɗauka, amma bari in rufe takardar nan tukuna, domin ko mene ne za a gaya mini ina so ya same ni na riga na faɗa. In muryarta ce, da sunanta zan amsa, kowa ya ji, Yaya Asabe ta yi ta tafi da hannu har ta gaji. In kuma wajenka ta nufa, ka tarbe ta, za ka gane ta da shatin hannuna a mayafinta. Ka gaya mata na gani, na yi magana, muryata ce ba ta kai ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Sai na zo.

Matarka Hansatu, uwar Rukayya.